Bargon Dolgor a Jikin Kwano

Jambal ya shiga rajistar unguwarmu, a gefen Darhan, ranar sha ɗaya ga Mayu, 2010. Ni na rubuta shi: namiji, shekara hamsin da takwas, mata ɗaya, ger ɗaya (zagayayyen tantin bargo da mutanenmu ke zama a ciki), dabba babu. Sanyin shekarar ne ya kashe masa garkensa kaf. Da muka zo kan sana'a ya ce in sa makiyayi. Na ce da wace dabbar? Ya ce to, in sa kafinta.

Bai yi ƙarya ba. Ƙofar ger yake sassaƙawa, da sandunan bango waɗanda ake turarawa a kan tafasasshen ruwa kafin a lanƙwasa su. Shekara goma sha biyu yana aikin a tsakar gida, in sanyi ya shigo ya ajiye kaya sai ƙanƙara ta narke. Abin da ya rage musu daga jeji shi ne barguna tara na gashin tumaki, masu kaurin yatsa biyu. Matarsa Dolgor ce ta daka gashin da sanda, ta jiƙa, ta naɗe, doki ya ja shi a ƙasa har ya kame. Daga askin ƙarshe na garken aka yi su.

Dolgor ta rasu a 2021. 'Yarsu Narmandah, wadda ke zaune a hawa na bakwai na wani bene a cikin gari, ta ce ya tattara ya koma wurinta. Ya ƙi. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan sharaɗi: za ta sa a kafa masa shagon kwano mai dirkokin ƙarfe, in ya iya fitar da hunturu guda yana aiki a ciki lafiya, za ta bar shi a gidansa. In bai iya ba, a sayar da filin.

Maƙwabcinsa Purev mai walda ne ya kafa shagon a watan Satumba. Da aka zo maganar tare sanyi, Jambal ya ce bargunan Dolgor zai liƙa a jikin kwanon. Purev ya ce ba laifi, amma a rufe su da leda ta ciki, kada tururi ya ratsa ya tarar da ƙarfe mai sanyi.

"Leda?" in ji Jambal. "Kai in aka naɗe ka da leda za ka kwana? Bargo numfashi yake yi."

"Yaya Jambal, wannan kwano ne fa, ba tunkiya ba. Bai san ka ba, bai san kakanka ba."

Jambal ya ce shi ma bai san kakan kwanon ba, sun yi daidai. Ya ƙi ledar. Maimakon haka ya hau tsani ya yanke tsakiyar rufin, ya yi kafa zagayayya kamar ta saman ger, ya yi mata murfi da igiyar ja. Ya ce tun da aka halicci mutanenmu ta sama tururi ke fita. Purev ya yi ta ba da labari a layi cewa tsoho ya sayi sabon shago ya huda masa kai.

Al'adata ce in rubuta sanyin kowace safiya kafin in buɗe ofis, kuma da na ga abin ya zama gardama sai na rataya wani ma'aunin sanyi a shagon, ina biyawa in duba. Ranar biyu ga Disamba waje talatin da ɗaya ƙasa da sifili, ciki sha huɗu sama. Na tura hannu bayan bargo, a bushe yake. Jambal na lanƙwasa sanduna da riga ɗaya, tukunya na tafasa, tururi na bin kafar yana fita. Ya zuba mini shayi mai gishiri ya ce in rubuta da manyan baƙi, in kai wa Purev ya karanta.

Ranar tara ga Disamba tari ya kama shi, aka kwantar da shi asibiti kwana shida. Narmandah ta zo ɗaukar masa kaya, ta ga dusar ƙanƙara ta ɗan zubo ta gefen murfin. Ta ce wannan ramin ne zai kashe mata uba. Ta kira Purev, ya ɗora faifan ƙarfe ya bi shi da walda. Da Jambal ya dawo ya ɗaga kai ya gani, sai ya nemi tsani. Tsanin ma Narmandah ta ba da shi aro, kuma ta ce in ya sake hawa rufi sharaɗi ya tashi.

Ya ci gaba da aiki. Shagon ya ƙara ɗumi, har ta ce masa, "Ka gani ko, Baba?" A Janairu na sake tura hannu bayan bargo, na ji ƙanƙara. A Fabrairu ta kai kaurin tafin hannu. Na nuna masa. Ya ce ya sani, da kunnensa yake jin ta tana ƙaruwa.

Ranar ashirin da shida ga Maris rana ta bugi kwanon. Ruwa ya fara ɗiga daga rufi, sannan ya riƙa zuba kamar damina, alhali waje sama tas. Kwana huɗu ana haka. Katakon da ya shekara bakwai yana busarwa ya sha ruwa ya karkace. Zarto da gizago suka yi tsatsa. Bargunan suka yi nauyi har suka tsinke daga ƙusoshi suka faɗo, baƙaƙe, suna wari. Mun shanya su a kan shinge mako biyu, amma duk inda ka kama sai ya biyo hannunka.

Unguwa ta yanke hukunci cewa taurin kan tsoho ne, an ce ya sa leda ya ƙi. Na ɗauki littafina na nuna wa Narmandah kwanakin: ga ranar da bargo ke bushe, ga ranar da aka toshe kafa, ga ranar da ƙanƙara ta fara. Ta karanta har ƙarshe, ta rufe, ta miƙo mini.

"Kawu, ko me littafinka ya ce, hawa na bakwai akwai ɗumi. Ka bar maganar nan."

Purev kuwa ya ce shi abin da aka sa shi ya yi.

Ranar sha huɗu ga Mayu Jambal ya zo ofis don a cire sunansa. Ya yanko wani gefe na bargo da bai ruɓe ba, bai fi faɗin hula ba, yana riƙe da shi a hammata. Takardar ƙaura tana da wajen sana'a. Na tambaye shi me zan sa.

"Can sama ko ƙusa ba a bari a buga," ya ce. "Bar wurin haka nan."

Na bar shi. Wanda ya sayi filin ya sa audugar gilas mai tare sanyi da leda a shagon, yana ajiye tayoyi a ciki.