Ranar da na saki tsani don in gai da surukina

Shekarun baya, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba, ina saurayi a Matamaye, ina aikin gini a hannun kawuna. Idan damina ta gabato mukan bi gida-gida muna yaɓe soraye, muna gyara indararo. Shi ke hawa, ni ke riƙe tsani. Tsanin namu dogayen sanduna biyu ne da aka ɗaure wa matakai da igiyar kaba, kuma kawu yana da ƙa'idarsa: a ja kowace igiya a ji ƙarfinta, a haƙa wa ƙafafun tsani 'yan ramuka, mai riƙo kuma ba ya saki sai na sama ya taka ƙasa.

Ni kuwa hannuna kawai ke wurin aiki. Kaina cike yake da labaran masoya da nake saurara ranar kasuwa, na kuma sami wadda nake ɗora su a kanta, wata yarinya mai wushirya, 'yar wani dattijo maɗinki. Manyana sun je neman aurenta, ya ce zai yi shawara. Wata biyu ina jiran amsarsa.

Ran nan da hantsi muka kafa tsani jikin wani dogon soro. Ƙasar ta jiƙe da ruwan kwaɓin laka, ramukan ma ban haƙa ba, don ina can ina neman abin da zan kwatanta wuyanta da shi. Kawu ya kai mataki na ƙarshe ke nan, sai ga mahaifinta ya kunno kai cikin lungun. To, wane mai neman aure ne zai gai da suruki a tsaye? Na saki tsani, na tuɓe takalma, na zube ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

Sandarsa ya yar, ya wuce ni da gudun da ban taɓa zaton yana da shi ba, ya sa kafaɗa ya tare tsanin da ya soma zamewa. Na ɗaga kai, sai ga kawu ya rungume bakin soro, ƙafa ɗaya tana lilo, yana ta salati.

Da ya sauko ya ce, "Ɗan 'yar'uwata, ka gama gaisuwar, ko in koma sama ka ƙarasa?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni. "Wanda ya saki kawunsa don ya gaishe ni, gobe zai saki 'yata don ya gai da wanda ya fi ni." Ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Kwana uku ina kwance ina shirin mutuwa irin ta masoyan cikin labari. Mahaifiyata ta ce in ci tuwo tukuna, mutuwar ba za ta gudu ba. A na huɗu aka aiko: indararon dattijo ya toshe, in zo da tsani, ni kaɗai.

Na haƙa ramuka har sai da ya ce ai ba rijiya ya sa ni ba. Na ja igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Zan hau, ya dakatar da ni.

"Ni zan hau. Kai ka riƙe."

Ya naɗe riga ya hau, mutum mai furfura, kowane mataki ina jin rawarsa a tafin hannuna. Yana kaiwa sama sai ga liman da dattawa biyu, sun tsaya daidai kaina. Gwiwoyina suka soma lanƙwashewa da kansu. Na ƙanƙame tsani, na sunkuyar da kai, na gaishe su a tsaye, da takalma a ƙafata, kunya kamar ta kashe ni.

Liman ya ce, "Ikon Allah! Samarin yanzu gwiwa ta bushe?"

Daga sama dattijo ya amsa, "Malam, a yi masa haƙuri. Raina ne a hannunsa."

Bai yi sauri ba. Sai da ya zare shara daga indararo, ya tambayi liman lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sauko. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya ce, "Yanzu saki. Ka ce wa manyanka su zo ran Juma'a."

Har ya rasu ban tambaye shi ko shi ya kira liman ba. Yau ni ke hawa, wasu ke riƙe mini, kuma kafin in taka matakin farko nakan ce musu ko sarki ne ya zo, su gaishe shi da baki. 'Yarsa tana nan ɗakina, wushiryar ta ƙara faɗi don haƙori ɗaya ya fita. Duk sanda na dube ta sai in yi wa mahaifinta addu'a. Mutumin nan ya ga wautata da idonsa, amma ya ɗauki tsofaffin ƙasusuwansa ya ɗora a hannuna.