Gidajen da Na Zana Babu Ƙofa

Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu, 'yata ta daina magana. Ba ta cika shekara huɗu ba a lokacin, kuma kafin nan bakinta ba ya hutawa, har kaji takan tsaya ta yi wa faɗa in sun sa mata baki a kwano. Amma tun ranar da aka ɗora mu a kwalekwale aka fitar da mu daga can bayan Auyo, sai ta yi gum. Ko "Umma" ba ta ƙara cewa ba.

Muka samu ɗakin haya a Haɗeja, a gidan wata tsohuwa da kowa ke ce wa Inna. Baban yarinyar ya ajiye kamun kifi, ya karɓi babur ɗin wani yana acaɓa. Muka kai ta asibiti. Likita ya haska kunnenta, ya duba harshe, ya ce lafiyarta ƙalau, firgita ta yi, a bi ta a hankali. Na ce to. Amma ni ban iya bin abu a hankali ba. Kullum idona na kan bakinta. In ta buɗe shi za ta yi hamma sai gabana ya faɗi, in ce ko yanzu ne. Har na fara tunanin shi ke nan, haka za ta girma, a riƙa nuna ta a hanya.

Yininta ɗaya ne: ta kwanta a tabarma, ta juya fuskarta bango, tana ƙwaƙular siminti da farce. Bangon kuwa babu komai a jikinsa sai tabon hayaƙin maganin sauro. Wata rana ina tsintar shinkafa na ce a raina, tunda bango take so ta kalla, bari a sa mata abin kallo.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma a ƙauye ni ke yi wa amare zanen lalle. Na samu Inna tana bakace a tsakar gida.

"Inna, in na shafa wa ɗakina farar ƙasa, da laifi?"

"Sallah ta zo ne ban sani ba?"

"A'a, zane nake so in yi a kai."

Ta ajiye faifai ta dube ni. "Bangon nawa kika mayar ƙafar amarya? To, yi abinki, 'yar nan. Amma ban da mai rai. Ko ƙadangare kar in gani."

Na jiƙa farar ƙasa na shafe bangon. Na samo shunin wanki, da jar ƙasa daga bayan gida, da gawayi da na daka. Inna ce ta ba ni ƙaro, ta ce in narka in zuba a ciki don kada ya riƙa bin tufafi. Asuwaki na tauna bakinsa ya yi laushi, shi ne alƙalamina.

Me zan zana? Ban taɓa wuce kasuwar Auyo ba sai a wannan tafiya, don haka ita na zana. A cikin kwalekwalen na kasa kallon ruwan, sai na riƙa kallon abin da ya rage a samansa, kuma duk ya zauna mini a kai. Rumbuna sun nutse sai jinkarsu kamar an kife faifai. Giginyoyi tsaye, ruwa ya kai musu gindi. Rufin kwanon makarantar firamare yana ɗaukar ido. Masallacinmu, lasifikarsa kaɗai da saman bango. Da gidanmu, wanda na gane da shuɗiyar ledar da muka taɓa toshe yoyon jinka da ita. Sai abin da na gani bayan mun hau mota: gada, ƙofar gari mai kauri, tankin ruwa a kan dogayen ƙafafu, hasumiyar masallacin Juma'a da sai da na leƙo kai ta taga kafin na ga ƙarshenta.

Da shuni na fara. Na ja shi daga ƙasan bango har zuwa gwiwata, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sannan na riƙa ɗora gine-ginen a kansa ɗaya bayan ɗaya, kullum in na gama girkin rana.

Baban yarinyar ya dawo wata la'asar ya tsaya yana kallo, hular acaɓa a hannu.

"Wannan kuma tukunya ce a kan murhu?"

"Tankin ruwa ne, Malam."

"Au. To Allah ya sa kada tuwon ya ƙone."

Na yi dariya, na waiga in ga ko ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Abin da na lura da shi ma ya fi wannan tayar mini da hankali: ta daina kwanciya kusa da bangon. Ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofa, tana zaune tana kallon zanen daga nesa, ba ta ƙifta ido. Abinci ma ta rage ci. Na ce na shiga uku, na ɗauko ruwan da muka gudu daga gare shi na shigo mata da shi har ɗaki.

Washegari da hantsi na jiƙa farar ƙasa a roba, na ɗauko tsumma zan shafe komai. Na durƙusa gaban zanen gidanmu, don shi nake so in fara kawarwa. Sai na ji an riƙe mini bakin zanen da na ɗaura ta baya, ashe 'yata ce. Ta matso, ta miƙa yatsa ta taɓa shuɗiyar ledar nan da ke kan jinka. Ta sauko da yatsan ƙasa har ya tsaya a bakin shunin.

"Umma, ta ina za mu shiga?"

Muryar ta dushe kamar ta mai mura. Tsumman ya faɗi cikin roba. Na so in rungume ta in yi ihu, amma na tuna an ce a hankali, sai na danne.

Na dubi bangon da kyau. Ashe duk gidajen da na zana babu mai ƙofa ko ɗaya. Yadda na gan su daga cikin kwalekwale haka na sa su, rabi a ruwa. Har gine-ginen Haɗeja, waɗanda na gani a busasshiyar ƙasa, hannuna ya saba, daga kan shuni na fara su. Masallacin Juma'a guda, babu ta inda mutum zai shiga ya yi salla.

Na ce, "Ruwa ne ya rufe ƙofar. Mu janye shi?"

Ta ɗaga kai.

Janye ruwa a bango ba wasa ba ne. Shuni ba ya jin magana. In na shafa jar ƙasa ta bushe, sai ya sake ɓullowa ta ƙasa. Na yi ta maimaitawa har ya haƙura, na bar masa siririn layi can ƙasa, kamar yadda kogin yake da rani. Sannan na sauko da bangon gidanmu har ƙasa. Na tsoma asuwaki a gawayi zan yi ƙofa a tsakiya.

"Ba nan ba," in ji ta. "Wajen randa."

Gaskiyarta, ƙofarmu a gefe take, kusa da inda muke ajiye randa. Na zana ƙofar, na zana randar, har da moɗa a kan murfi.

Inna ta leƙo, ashe tana bakin taga tana ji. Ni ta duba, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ke, masallacin fa? Haka za ki bar bayin Allah a waje?"

Muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna sa ƙofofi. Maganar ba ta dawo gaba ɗaya ba. Wata rana kalma biyu, wata rana shiru, ni kuma zuciyata na hawa da sauka. Amma ta dawo. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da ta ba ni bangonta ba ta tambayi dalili ba, da ƙaron da ya riƙe zanen har yau. Da aka zo fentin gidan bara, ita ta tsaya a bakin ɗakina ta ce wa mai fenti ya wuce gaba.

Har yanzu ina zane. Mun je bikin suna a garin Malam Madori kwanakin baya, na dawo da tashar mota da wani dogon rumbu a kaina, na sa su a bayan ƙyaure, don nan ne kaɗai wuri ya rage. Yanzu da ƙofa nake fara kowane gini. Ina cikin zana rumbun ina jiyo ta a tsakar gida, tana yi wa kajin Inna faɗa sun sa mata baki a kwano.