Na Mutu da Kibau Cike da Kwari

Jama'a, yau kura ta cinye ni a bakin tafki!

Mushen lakwal, wato malamin makaranta, shi ne ya kawo wani wasan Nasara. Shi yana ƙaga daji da baki, mu muna jefa ɗan lido. Ya ce ni maharbi ne, kibiyata uku.

Dila ya fito. Mushe ya ce, "Baba, harba!"

Na ce, "Ni da na ga yunwar bara, in ɓarnatar da kibiya kan dila?"

Dilan ya cije ni! Kura ta fito. Ni mai wayo na ce a ajiye kiban, ƙila zaki na tafe.

Mushe ya ce, "To Baba, ka mutu."

Sai abokina Ɗan Gabi ya ɗaga hannu sama: "Allah ya jiƙan sarkin tattali! Mushe, wa zai gaji kiban?"