Danƙo Mai Tuntu

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare, na tsaya bayan la'asar a gindin badala kusa da Ƙofar Kabuga, riƙe da danƙon da babu irinsa a duk unguwarmu ta Madabo. Tsakuwa biyar ce a aljihuna, ni na zaɓo su na wanke na goge. Yaran unguwarmu suna bayana, yaran unguwar Mandawari suna gefe guda, kowa da nasa danƙon rataye a wuya. An ja layi a ƙasa da dunduniya, an auna taku ashirin, an jera ƙananan gwangwanayen tumatir biyar a kan wani guntun gini. Wato haka aka ce mini. Ni abin da ke gabana jar ƙasa ce kawai da wani duhu-duhu a samanta, sai ihun yara a kunnena: "Ga su can, Hamza, fara da na tsakiya!" Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Ƙa'idar wasan kuwa babu wanda bai san ta ba: mutum biyu za su kara, wanda ya fi zubar da gwangwani ya tafi gida da danƙon ɗan'uwansa.

Ba zan iya bayyana abin da danƙon nan yake a wurina ba sai na kawo Kawu Sidi, ƙanin mahaifiyata. Zuriyarmu ta Larabawan fatake ce, kuma shi ma yadi yake sayarwa a kasuwa kamar iyayensa, amma zuciyarsa ba ta rumfa. Tana wurin wata bindigar iska, irin wadda ba ta cin albarushi sai 'yar ƙaramar dalma da ba ta fi ƙwayar dawa ba. Duk Lahadi da safe shi da abokansa sukan fita bayan gari su kafa kwali mai da'ira-da'ira su yi ta gwada saiti, wanda ya zo na ƙarshe shi ke sayen tsire. Ko kurciya Kawu bai taɓa kashewa ba. Sauran kwanakin mako kuma a soro yake da bindigar, ya kwance wannan ya ɗaura wancan. Sau uku na ga ya sake mata ƙota. Ya kai ta wurin dukawa sun naɗe ta da jar fata, ya jera mata ƙusoshin tagulla, ya rataya mata tuntu. Ummata takan leƙo ta ce bindigar nan ta fi mai ita sutura. Idan kuwa shi ya sayi tsire ranar Lahadi, da ya dawo zai shimfiɗa buzu ya fito da kayan gyara yana cewa, "Hannu ba ya ƙarya, kaya ne ba su zauna ba." Na riƙe maganar nan tamkar a littafi na karanta ta.

Daga faffaɗan gindin tsohuwar ƙotar da ya cire ya yanko mini gwafar danƙo. Kwana uku yana gogarta har ta yi santsi. Robar jan tiyub ce da muka roƙo wurin mai facin keke, fatar da ake sa tsakuwa kuwa daga harshen wani tsohon takalminsa. Ado ne ya bar mini, ni kuma a nan na gwanance. Duk aikin da ake yi kusa da hanci na fi kowa iya shi, don ni ke zura wa tsofaffin gidanmu zare a allura. Na naɗe mariƙin da zare kore da ja, na tsinto duwatsun wata tsinkakkiyar sarƙar yayata na jera, na zana sunana da bakin ƙusa, sannan na roƙi Kawu ya ba ni ɗan ƙaramin tuntu irin na bindigarsa. Idan na rataya shi na fito lungu har manya sukan tsayar da ni su juya shi a hannu. Sai a ce, ai ɗan gidan Sidi ne, gado ne.

A tsakar gidanmu, inda daga bakin rijiya zuwa bango bai wuce taku biyar ba, ba na kuskure. Amma da zarar an fita fili sai abin ya lalace, ban kuma san dalili ba. Kowa ya ba ni shawara. Wannan ya ce rufe idon hagu, wancan ya ce a'a, na dama. Wani ya ce in riƙe numfashi, wani ya ce in yi bisimilla sau uku. Na rufe hagu, na rufe dama, duniya tana nan yadda take. Sai in ce danƙon ne bai zauna ba, in koma gida in rage tsawon roba, ko in ƙara, ko in sake fata. Yara ba su musa mini ba, tunda sun san gidan da na fito.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don ban san abin faɗa ba ne, shi ne yadda na ɗauki duniya. Na ɗauka abin da ke kusa shi ake gani, abin da ke nesa kuwa zato ake yi, kuma kowa haka yake. Duk ƙarshen Sha'aban mukan hau saman soro da magariba neman jinjirin wata. Wani ya miƙa yatsa ya ce ga shi, kowa ya ɗauka, ni ma in miƙa nawa yatsan in ce na gani. A tunanina haka ake faɗa, irin yadda ake amsa gaisuwa da lafiya ko da mutum zazzaɓi yake yi. A aji ina kwafa daga littafin na kusa da ni, ina mamakin yadda yake haddace abin da malam ya faɗa da sauri haka, ban kawo cewa daga allo yake karantawa ba. A makarantar allo kuwa ba ni da matsala, allona yana kan cinyata. An sha kawo ƙarata wurin Umma wai na wuce babba ban gaishe shi ba, wai girman kan Larabawa. Da na sha faɗa sai na koma gaida duk wani abu mai tsawo da ya tunkaro ni, har ran nan na durƙusa wa sa'ana, aka yi mako ana dariya. Saboda haka da na ga wasu yara suna zubar da gwangwani daga nesa, ban ce sun fi ni ido ba. Cewa na yi suna da wata addu'a ko laya da ke gaya wa hannunsu inda abin yake.

Wanda na fi zargi da laya shi ne Ɗanliti, gwanin Mandawari, wani siririn yaro mai yawan shiru. Danƙonsa abin kunya ne: karkatacciyar gwafar gwaba, baƙar roba, an ɗaure da tsumma. Shi ya aiko Madabo cewa ba ya son karawa da kowa sai mai tuntu. Da na ƙi, da har in girma ana kirana matsoraci, kuma sunan Kawu ne zai zube. Na kwana uku ina gyara, na tafi ina ganin wannan karon kaya sun zauna.

Ɗanliti ne ya fara. Ban ga komai ba, amma na ji ƙarar gwangwani sau huɗu, kowace da ihunta. Aka sake jerawa, aka ce saura ni. Na auna tsakiyar duhu-duhun nan na saki, shiru. Ta biyu ta haye badala, wani ɗan Mandawari ya ce, "Malam, gwangwani aka ce, ba mutanen garin Gwarzo ba!" Ta uku da ta huɗu na ji sun daki ƙasa. Na juya wurin yaran unguwarmu na tambaye su da zuciya ɗaya, "Saura nawa a tsaye?" Sai dariya ta ɓarke har da masu faɗuwa ƙasa. Duka biyar ɗin suna nan, kowa yana kallonsu, sun ɗauka iya shege nake yi. Ni kuwa ban gane abin dariyar ba. Na saki ta biyar ita ma ta bi 'yan'uwanta.

Na miƙa danƙon ina cewa, da muryar Kawu, ai bai zauna ba ne. Ɗanliti ya karɓa. Ya juya shi, ya ture tuntun gefe da yatsa, ya tsinci tsakuwa uku a ƙasa, ko zaɓe bai yi ba. Daga kan layin nan da nake tsaye na ji ƙara sau uku a jere. Ya rataya shi a wuya ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." Wannan ta fi rashin danƙon yi mini ciwo. Idan kaya sun zauna, kuma hannu ba ya ƙarya, to mene ne ya rage? Na tafi gida ina juya tambayar, ban sami ko bakin zarenta ba.

Kwana biyu ina zagaye soro don kada mu haɗu da Kawu. Ranar Lahadi da hantsi ya dawo daga wurin harbinsu ya ritsa ni a ƙofar gida, ya kalli wuyana ya ce ina danƙo. Na gaya masa komai ina kuka. Da na gama sai na ce, "Kawu, don Allah ka koya mini addu'ar da kuke yi kuke gane inda abin yake." Ya ce wace irin ganewa, ba gani nake yi ba? Na ce gani kuma, daga taku ashirin? Ya kama kafaɗata ya juya ni. Sannan ya nuna sama can ƙarshen lungu ya ce tsuntsaye nawa ne a kan wayar nan. Na ce wace waya.

Kawu yana da wani tabarau da ba ya sawa sai zai hau babur ko zai yi harbi, ni kuma na ɗauka shi ma ado ne, ɗan'uwan tuntu. Ya ciro shi daga aljihu ya ɗora mini a hanci, yana riƙe da shi don kada ya zame. Jiri ya ɗebe ni. Akwai waya, siririya, da tsuntsaye uku a kanta, ɗaya yana gyara fiffike. Bishiyar dalbejiyar da na sani a matsayin koren dunƙule ashe ganye ne ɗaya-ɗaya. Wata mata ta ɓullo daga can nesa da tulu a ka, kuma tana da fuska tun daga can, ba sai ta matso ba. Tsoro ya kama ni fiye da murna. Na ce, "Kawu, dama haka kowa yake gani?" Ya zauna a kan dakali, bindigar tana kan cinyarsa da duk adonta, ya ce a hankali, "Wata shida ina gyara maka itace, ban taɓa duba idonka ba."

Na zaci washegari zan sami nawa tabarau in je in karɓo danƙona. Ba haka aka yi ba. Umma ta ce gilashi yana cinye idon yaro, tsofaffin gida suka goya mata baya, aka fara da kwalli da tofi. Kawu ya yi ta fama da yayarsa har ta haƙura, ya kai ni asibitin ido, aka auna, aka ce a jira. Kafin tabarau ya iso damina ta sauka. Wasannin yara kuwa yayi gare su, babu mai sanarwa, sai dai ka wayi gari ka ga kowa ya koma wani abu. Ranar da na sa shi na ari danƙon wani na nufi Mandawari, ina tafe ina ɗaga ƙafa sama-sama don ƙasa ta matso kusa. Na sami Ɗanliti suna ƙwallon tsumma a cikin taɓo. Na ce na zo mu sake. Ya dube ni, ba da mugunta ba, ya ce, "Ido huɗu, wa yake danƙo yanzu?" Nawa kuwa ya daɗe da musanya shi da tattabaru biyu wurin wani yaro da ya zo hutu daga wani gari, ko sunan garin bai riƙe ba. Kawu ya so ya yi mini wani, amma ragowar ƙotar ta riga ta shiga murhu. Kafin yayin ya zagayo yadda nake so an kai ni makarantar kwana.

Yanzu yaran Madabo a wasan wayar salula suke harbinsu, ba mai neman jan tiyub, ba mai wanke tsakuwa. 'Ya'yana tun kafin su shiga firamare nake tsayar da su a ƙofar gida in ce su ƙirga mini tsuntsayen kan wayar lantarki, suna ganin wasa nake yi. Kawu ya rasu, bindigarsa tana ɗakina, ina shafa mata mai ina gyara tuntunta, ban taɓa ɗana ta ba. Har yau ban san ko ina da hannu ba, tunda ban taɓa harbin abin da nake gani ba. Idan cunkoso ya tsayar da ni a Kabuga nakan duba inda muka ja layin nan, in auna taku ashirin da ido. Shaguna sun cinye guntun ginin, ina iya karanta ƙaramin rubutun da ke jikin ƙofofinsu daga cikin mota. Komai na wurin ina ganinsa tar yanzu, gwangwanayen ne kawai babu.