Salkar da ta dawo cike

Har gobe ban manta da ranar da jirginmu ya sa Agali kuka ba. Lokacin fari ne, zamanin mulkin soja, ina gardin ƙaramin filin jirgi na Tasawa. Aikina korar dabbobi daga fili, duba iska, da zuba isansi, wato fetur, a jirgin mishan mai kujera huɗu da ke kai marasa lafiya Maraɗi.

Da hantsi aka kawo wata mata, Fatimatu, a amalanke daga wajen Mairairai, naƙuda ta tsaya mata. Mijinta Agali Buzu ne, fari ya cinye masa garke, ita kaɗai ta rage masa. Lokotoro, wato likita, ya ce sai an yi mata aiki a Maraɗi. Matuƙi ya auna nauyi kamar yadda doka ta ce, ya ga da ita da ungozoma sun cika jirgin, babu wurin miji. Agali bai yi gardama ba, salkar ruwansa kawai ya roƙa a ɗora mata, don a saninsa Maraɗi tafiyar kwanaki ce. Na ce masa ta sama ko awa guda ba a yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son ƙaryata mutum. Jirgi na tashi ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar Maraɗi a ƙasa.

Kafin la'asar jirgi ya dawo da labari mai daɗi: an yi aiki, uwa da ɗiya lafiya. Matuƙi ya miƙo mini salkar, ko ɗaurin bakinta ba a kwance ba. Na ɗaura ta a mobilet, ɗan babur ɗina, na bi sawun Agali, ina ta murna.

Na iske shi zaune gindin wani gawo, ya ja rawani ya rufe ido. Ashe ya ga wucewar jirgin yana komawa Tasawa. A wurinsu, in raƙumin da ya ɗauki majinyaci ya juyo ran nan, to rai ya yi halinsa a hanya. Da ya ga salkar cike, sai ya fashe da kuka.

"Ko kurɓi ɗaya ba ta yi ba ke nan," in ji shi.

Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa na ce, "Agali, ba ta kai ga jin ƙishirwa ba aka sauke ta. Ka samu ɗiya mace."

Sannan ya kwance bakin salkar, ya sha, ya miƙo mini. Na tsayar masa da kamyon, babbar motar hatsi, ya ƙarasa Maraɗi.

Ku da kuke aikin jigilar majinyata yanzu, awa da kilomita lissafinmu ne, ba na mai jira ba. Tun ran nan, kafin jirgi ya tashi da majinyaci, nakan ja danginsa gefe in ce musu: yau zai dawo, kuma dawowarsa ba mutuwa ba ce.