Takardar da na ɓoye a ƙarƙashin kujerar babur

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wata masana'anta a Kudenda, ni da matata muna haya a Kakuri. Shekararmu shida da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita kowa yake kallo. Mahaifiyata takan zo da jarkar jiƙo, matata ta toshe hanci ta shanye, ni kuwa ina gefe ina yi mata sannu, wai ni mai lafiya.

Abokina ne ya matsa min har na je asibiti a ɓoye. Bayan gwaji na uku likitan ya zaunar da ni ya ce, "Malam, yawan ƙwayoyin maniyyinka ba laifi. Amma ƙwaya ba a nune ake halittarta ba. Sai ta yi kwanaki tana bin wata siririyar hanya a bayan maraina, a nan sinadarin furotin ɗin da ke jikin fatarta yake canzawa, a cire wani, a ɗora wani. Da shi take gane ƙwan mace ta manne masa. Naka, ga alama, ba sa kammala wannan canjin."

Na ce, "Likita, wato ɗanyu ne?"

Ya ce, "Kusan haka. Ka zo da madam mu tattauna."

Ban kai ta ba. Na ninke takardar sakamakon gwajin na cusa a ƙarƙashin kujerar babur ɗina. Wata takwas ina hawa a kanta, ina kallon matata tana shan ɗaci.

Ranar da mahaifiyata ta ce mata juya a gaban baƙi, ban ɗago kai ba. Bayan sati biyu, matata tana neman takardun babur ta ci karo da takardar asibitin. Ba ta yi kuka ba. Kwanan watan da ke jiki kawai ta nuna min da yatsa.

"Da ka faɗa min, wallahi da na zauna da kai har mutuwa," in ji ta. "Amma kana nan zaune aka kira ni juya."

Ta nemi saki, na ba ta. Ta sake aure, yanzu tana Unguwar Boro da 'ya'yanta uku.

Na daɗe da yin sulhu da jikina, wannan daga Allah ne. Shirun nan kuwa nawa ne, ni na yi shi, kuma har yau ban sami wanda zan ɗora wa ba.