Sai Baɗi

Barakatu ba ta taɓa ganin Sakkwato ba, ba ta kuma ga Makka ba. A tsakani aka haife ta, bakin kogi kudu da Damazin, inda mahaifinta da ayarinsa, da suka taso daga Sakkwato, suka sauke kaya don su noma damina ɗaya su sami guzurin ƙarasawa hajji. Damina ɗayan nan ta yi ta haihuwar wata har gemu ya yi furfura. Duk kaka, in an gama girbi, sai dattawa su ce baɗi za a tashi. Da maƙwabta suka gaji da ji, suka laƙaba wa wurin Sai Baɗi, sunan kuwa ya zauna.

A wurin nan abin kunya ne mutum ya ce "garinmu". Wanda ya faɗi haka kamar ya warware niyyar da ubansa ya ɗauro ne. Zango ake cewa, ko da kuwa jikokin mutum sun cika tsakar gida. Ita dai Barakatu ba ta musu da maza. Unguwarzoma ce, kusan duk cibiyar da aka yanke a Sai Baɗi ita ta binne ta a bayan ɗaki. Ta dasa lemo a ƙofar gida, ta gina rumbun ƙasa, mijinta Audi yana tsokanarta wai a ka za ta ɗauke shi ran tafiya. Huɗu cikin 'ya'yanta suna kwance a maƙabartar da ke ƙarƙashin tsamiya. Ita ta san inda take zaune.

Shekarar da ake gina madatsar ruwa, wata mota ta iso da masu awon ƙasa. Babbansu, mufattish suke ce masa, saurayi ne mai ladabi. Ya ce ruwa zai rufe wurin nan gaba ɗaya. Ya ce sunan bai zo a taswirarsu ba, don haka yana so ya ji daga bakin mutanen: hilla ce, wato ƙauyen da ya kafu, ko masaukin masu wucewa? Barakatu tana bayan zana tana jin komai. Larabcinta na kasuwa ya fi na mazan kaifi, ta gane cewa hilla ake ɗauka dungum a sake mata matsuguni, jama'arta wuri ɗaya. Masu wucewa kuwa sai a ce Allah ya kiyaye hanya.

Audi ne babba a lokacin. Ya gyara zama, ya ba da amsar da ya gada.

"Wanga wuri zango ne. Mu baƙin Allah ne, muna bisa hanya."

Mufattish ya dubi lemon, ya dubi rumbun, ya dubi tsamiya. Ya sake tambaya a hankali, yadda ake miƙa wa mutum sanda a bakin rami. Dattawa suka gyaɗa kai tare, har da alfahari. Barakatu ta kama zanar kamar za ta yage ta, amma mace ba ta sa baki a zaman maza, ga baƙo kuma. Tana tsaye motar ta tashi.

Ba ta taɓa yi wa Audi gori ba. Shi ma da ya ga ƙauyukan maƙwabta ana kwashe su tare, nasu kuwa kowa yana neman lorin da zai hau, bai sake cewa baɗi ba har ya bar duniya. Wasu suka nufi Abu Na'ama, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Su biyu suka ƙare a wani kambo, wato sansanin masu tsinkar auduga, kusa da Wad Haddad, inda ba a yarda ka dasa ko da bishiya ɗaya ba. In ta faɗi sunan garinsu, sai a yi dariya a ce ita ta ƙirƙiro shi. Wannan dariyar ta fi yunwa ci mata rai.

Bayan rasuwar Audi, wata bazara da aka ce ruwa ya ja baya, ta hau lori ta koma. Ta yi zaton ko kan tsamiyar za ta hango. Ba ta ga komai ba sai ruwa shimfiɗe har iyakar ido. Ta sami wani masunci, Bahaushe sabon zuwa, yana gyaran koma, ta roƙe shi ya nuna mata inda Sai Baɗi yake.

"Inna, ai nan ba a taɓa gari ba," in ji shi. "An ce dai wasu matafiya sun taɓa sauka, suka wuce."

Barakatu ta daɗe tana duban ruwan, hawaye na bin kumatunta.

"Ba duka suka wuce ba, ɗana. Huɗu nawa ne, suna nan ƙasa."